Yadda zaka gano nawa gwamnati ke kashewa kan kowane yaro a firamaren unguwarku

Duk wanda ya taɓa zama taron iyayen yara a firamaren gwamnati ya san yadda ake tashi. Hedimasta ya miƙe yace babu alli, babu benci, kwanon aji huɗu iska ta yaye tun farkon damina, iyaye suce ai gwamnati tace karatu kyauta ne, wani dattijo daga baya yace to ina biliyoyin da muke ji a rediyo an ware wa ilimi, sai kowa yayi tsit, a shafa fatiha a watse. Na daɗe cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar unguwarmu, kuma wallahi abin da ya fi ci min rai a duk zaman da muke yi shine babu mutum ɗaya cikinmu, har shi hedimastan, da zai iya buɗe baki yace ga adadin kuɗin da gwamnati ke kashewa kan yaro ɗaya a shekara a wannan makarantar. Kuka muke yi ba lissafi, shi kuwa mai ofis idan kaje masa da kuka zalla haƙuri zai baka ya sallame ka.

To lissafin nan yana yiwuwa, kuma ba sai akanta ba. Littafin rubutu mai shafi sittin, biro, kalkuletar waya da ɗan data sun isa, sai kuma haƙurin zirga-zirga.

Abu na farko da ya kamata ka sani tun kafin ka fita daga gida, a Najeriya babu wani tsayayyen kuɗi da doka ta yanka tace kowane ɗan firamare ga rabonsa, duk makarantar da ya shiga kuɗin ya bi shi. A Ghana suna da irin wannan tun 2005, ana ƙirga yaran makaranta a tura mata kuɗin gudanarwa daidai da yawansu, ko da kuɗin kaɗan ne kuma ana kukan baya zuwa kan lokaci, amma dai akwai lambar da za'a riƙe a tambaya. Mu namu kuɗin ta hanyoyi daban-daban yake shigowa, wani ta Abuja, wani ta jiha, wani ta ƙaramar hukuma, kuma mafi yawansa makaranta bata taɓa ganinsa a matsayin kuɗi ba, albashi ne yake shiga asusun malami, ko gini ne ɗan kwangila yazo yayi ya tafi, ko katan ɗin littafi ne aka sauke da mota. Saboda haka kada ka ɓata lokacinka kana neman takarda guda ɗaya da aka rubuta amsar a ciki, kai ne zaka tattaro ka haɗa.

Fara da ƙirga yaran

Kaje wajen hedimasta da safe, ba lokacin da ake taron layi ba, bari yara su shiga aji. Ka gaishe shi yadda ya dace, kace Malam so muke mu taimaka wa makarantar nan da hujja a hannu, don Allah a bamu adadin yara aji-aji, maza da mata. Kada ka shiga masa kamar ɗan sanda, mafi yawansu a tsorace suke da duk wanda ya zo da biro da takarda saboda suna gudun abin ya koma ofishin sakataren ilimi ace su suka tona asiri. Idan da hali ka tafi da shugaban SBMC ko mai unguwa ko liman, shigar ta fi sauƙi.

Lamba biyu zaka ɗauka. Ta farko wadda ke cikin rajista, ita ce kuma ake cikawa a fom ɗin ƙidayar makarantu da ma'aikatar ilimi ta jiha ke yi shekara-shekara, kwafinsa yakan kasance a ofishin hedimasta ko a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma wato LGEA, wajen jami'in tsare-tsare da ƙididdiga. Ta biyu kuma wadda idonka ya gani. Ka leƙa azuzuwa ka ƙirga kai da kanka a ranaku uku mabambanta, ɗaya ranar Litinin, ɗaya ranar kasuwar garinku, ɗaya kuma idan ka samu lokacin shuka ko girbi. Ranar da muka fara yin namu ban manta ba, aji biyu muka shiga, yaran suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, wasu sun shimfiɗa buhun siminti, wata yarinya ta ɗora littafinta a bayan ƙawarta tana rubutu, malamar tana tsaye a bakin ƙofa don babu hanyar da zata bi ta kai ƙarshen aji. Amma da muka koma ranar kasuwa ajin ya ragu sosai har ana ganin ramukan daɓen. Duka lambobin biyu gaskiya ne, ka rubuta su duka, zasu yi maka amfani a gaba.

Albashin malamai, nan kuɗin yake

Idan baka da lokacin yin komai cikin abin da na rubuta sai abu ɗaya, to kayi wannan. Kaso mafi tsoka na abin da gwamnati ke kashewa a firamare albashi ne, sauran duk ƙari ne. Kuma albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha wato SUBEB ta biya. A rabon arzikin ƙasa na wata-wata ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, tarayya 52.68, banda harajin VAT da yake da nasa tsarin rabon. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka ka tambaya a ofishin LGEA ɗinku yanzu ta wace hanya albashin ke fitowa, kada ka ɗauka yadda ake yi a jihar maƙwabta haka ake yi a taku.

Abin da kake buƙata shine yawan malaman da gwamnati ke biya a makarantar da matakin albashin kowa. Ba sai ka tambayi malami nawa ne albashinka ba, wannan ba ladabi bane kuma ba zai faɗa maka daidai ba. Ka nemi jerin ma'aikata da ke manne a bangon ofishin hedimasta, yawanci akwai suna da matakin aiki, shida, bakwai, takwas har sama, sannan ka samu wani tsohon malami ko ɗan ƙungiyar malamai ta NUT ya faɗa maka abin da kowane mataki ke ɗauka a wata a jiharku. Ka lura tun da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024 jihohi basu fara biya lokaci ɗaya ba, wasu wuraren ma'aikatan jiha sun samu malaman firamare basu samu ba sai daga baya, to ka tambayi abin da ke shiga hannu yanzu. Ka ware malaman sa-kai da waɗanda iyaye ke biya da ɗaliban koyon koyarwa, su ba kuɗin gwamnati bane. Maigadi da masinja idan suna cikin biyan gwamnati ka saka su.

Bari in yi misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, kai sai ka sa naku. Mu ƙaddara makaranta tana da yara 900 a rajista da malamai 12, idan aka daidaita kowa yana ɗaukar naira 90,000 a wata. 12 sau 90,000 sau wata 12 ya bada naira 12,960,000 a shekara. Raba da 900, kowane yaro ya tashi da naira 14,400 a shekara ta fuskar albashi.

Yanzu ga inda abin ke da daɗin sani da kuma ciwo. Ka maimaita wannan lissafin a wata makarantar cikin ƙaramar hukumarku ɗaya, musamman wadda take cikin gari kusa da sakatariya. Mu ce ita tana da yara 600 da malamai 30, albashi iri ɗaya, zaka samu naira 32,400,000 a shekara, kowane yaro naira 54,000. Kaga ciyaman ɗaya, sakataren ilimi ɗaya, asusu ɗaya, amma yaron can ana kashe masa kusan ninki huɗu na yaron nan, kuma babu wanda ya zauna ya rubuta cewa a fifita shi, tura malamai ne kawai ya jawo haka. Duk malamin da ya samu hanya aka dawo da shi cikin gari, albashinsa ya biyo shi, wato kuɗin yaran ƙauyen ne ya taso ya dawo gari. Ni a ganina wannan ita ce magana mafi nauyi a duk harkar, ta fi maganar fenti da katanga, kuma ita ce ba'a cika tayarwa a taro ba. Manufar ilimi ta ƙasa cewa tayi malami ɗaya yara 35 a firamare, a misalin farko malami ɗaya yara 75 ne, a na biyu 20.

Sannan ka dubi jerin sunayen nan da kyau ka gwada da waɗanda kake gani suna shiga aji. Idan akwai sunan da ba'a taɓa ganin mai shi ba, kada ka yanke hukunci nan take, wani yana ƙarin karatu da izini, wata tana hutun haihuwa, wani an ɗauke shi aiki ofis amma sunansa bai bar makarantar ba. Ka dai rubuta, domin kuɗin da aka lissafa wa yaranku ne alhali basu amfana da shi.

Kuɗin Abuja da na jiha

Shirin ilimin bai-ɗaya wato UBE shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar tace karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandire uku, kyauta ne kuma tilas, kuma cikin abubuwan da ta lissafa a matsayin kyauta akwai littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da abincin rana. Har hukunci ta tanada ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta, tarar da bata wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ko duka biyu. Ita ce kuma ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa wato UBEC ta tallafa wa jihohi.

A tsarin da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin nan shine ake kira tallafin kawo-naka-in-baka, jiha sai ta ajiye daidai abin da za'a bata kafin ta ɗauka, da shi ake gina azuzuwa da banɗaki da sayen kujeru. Ragowar rabin an kasa shi, kashi 15 kayan koyarwa, kashi 14 cike giɓin ilimi tsakanin yankuna, kashi 10 horar da malamai, sauran kuma ladan ƙwazo da ilimin masu buƙata ta musamman da sa ido da gudanarwa. Abu biyu zaka riƙe a nan. Na ɗaya, jihohi da dama sukan kasa ajiye nasu kason sai kuɗin ya kwanta a Abuja, a ƙarshen 2024 hukumar da kanta ta ce sama da naira biliyan 100 na kwance ba'a ɗauka ba, to tambayar farko ga ɗan majalisarku na jiha ita ce shin jiharmu ta ɗauki nata na bara da na bana. Na biyu, an saba raba tallafin nan daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja ba tare da duba yawan yara ba. Na 2024 ya kai wajen naira biliyan 3.5 kowace jiha, idan jiha ta kawo nata ya zama biliyan 7. Jihar da ke da yara miliyan 3 a makarantun gwamnati kowane yaro ya samu kusan naira 2,300 kenan, wadda ke da dubu 300 kuwa kowane yaro sama da 23,000. Mu da muke jihohi masu cunkoson yara irin Kano da Katsina da Kaduna ya kamata mu san wannan, ya kamata kuma wakilanmu na Abuja su riƙa jin sa daga bakinmu.

To ta yaya zaka san abin da ya iso makarantarku daga wannan kuɗin? Ka zagaya harabar. Gine-ginen UBEC da SUBEB yawanci ana rubuta shekarar tallafin a jikin bango da fenti, haka ma bayan kujeru. Ka ɗauki hoto, ka rubuta shekara, ka buɗe littafin baƙi da littafin tarihin makaranta da hedimasta ke ajiyewa, a nan ake rubuta ranar da aka kawo kaya da yawansu. Kuɗin kwangilar kuma SUBEB ke da shi, wani lokacin yana fitowa a tallan neman 'yan kwangila a jarida ko a shafin hukumar kula da bada kwangila ta jiha.

Gini kada ka ɗora shi duka kan shekara ɗaya, zai kumbura maka lissafi ya nuna kamar ana kashe kuɗi sosai. Idan a misalinmu an gina bulo mai aji biyu kan naira miliyan 20, raba shi shekara goma, miliyan 2 kenan duk shekara. Littattafai da alli da rajista da aka kawo, ka ƙiyasta su da farashin kasuwa, mu ce naira 300,000. Idan makarantar ta samu tallafin da ake turawa asusun SBMC kai tsaye, irin na gyaran makaranta da UBEC ke bayarwa, ko na shirin ilimin 'yan mata na AGILE na Bankin Duniya da ya fara a 2020 a jihohi bakwai ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno wanda shi sakandire ya shafa, to wannan mai sauƙi ne, ku nemi takardar banki ku gani, haƙƙin kwamiti ne. Ciyarwa kuma idan ana yi a lokacin, ka tuna shirin tarayya da aka fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, naira 70 kan kowane yaro a rana aka fara da shi, ka lissafa kwanakin da abinci ya zo da gaske kawai, kwanakin da aka ce zai zo ba'a ci su ba.

Haɗa duka: 12,960,000 da 2,000,000 da 300,000 ya zama 15,260,000. Raba da 900, kusan naira 17,000 kan kowane yaro a shekara, wajen 5,600 a zango, idan ka raba da kwanakin karatu kamar 190 ya kama kusan naira 90 a rana. Sai ka sake rabawa da lambar yaran da ka ƙirga da idonka, zata fi haka yawa, tazarar da ke tsakani tana nuna maka kuɗin da ke tafiya kan gurbin yaran da basa zuwa, kuma wannan laifin namu ne iyaye kafin na kowa, mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Idan kana son na ƙaramar hukuma gaba ɗaya

Hanyar ɗaya ce, takardun ne suka ƙaru. Jimillar yaran firamare da jimillar albashin wata na malamai duk suna ofishin LGEA. Abin da ƙaramar hukumarku ta samu daga rabon wata-wata kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin babban akanta na tarayya suna wallafawa a intanet ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗi ma tana sauƙaƙa shi yadda za'a gane. Ka ɗora albashin malamai kan kason, zaka ga kashi nawa ilimi ke ci, wasu wuraren zaka tarar albashin ya cinye kaso babba, wasu kuma ka riƙe baki.

Kasafin jiha yanzu kusan kowace jiha tana sa shi a shafinta na intanet, fayil ne mai ɗaruruwan shafi, kada ya baka tsoro. Buɗe shi a waya ka danna wajen bincike ka rubuta SUBEB, ko sunan ƙaramar hukumarku, ko lamba 70912 wadda ita ce lambar ilimin firamare a tsarin rarraba kasafi, 70921 kuma ƙaramar sakandire. Amma don Allah kada ka tsaya kan kasafi. Kasafi alƙawari ne. Akwai wani rahoton da ake fitarwa duk wata uku na yadda aka aiwatar da kasafin, shi ne zai nuna maka an ware kaza an saki kaza, nemi na wata ukun ƙarshe na shekara domin shi ya tattara duka, kuma da abin da aka saki zaka yi lissafi. Rahoton mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi shi ma yana taimakawa duk da yakan makara.

Wani abu da ke ruɗar mutane shine kashi cikin ɗari. Kano ta ware wa ilimi kusan kashi 30 na kasafin 2024, gwamna Abba Kabir Yusuf ya kuma ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin shekarar, wannan ya haura ma'aunin kashi 15 zuwa 20 da ƙasashe suka amince da shi ƙarƙashin UNESCO a 2015, abin a yaba ne. Sai dai duk jihar da kaji irin wannan lambar ka tuna jami'o'i na ciki, kwalejoji na ciki, tallafin karatu a ƙasar waje na ciki, ciyar da makarantun kwana na ciki, kuɗin jarrabawar NECO na ciki. Kai abin da ya dame ka shine abin da ya gangaro kan ɗan aji uku a unguwarku, shi yasa bamu rabu da raba kuɗi da yawan yara ba.

Idan aka hana ka takarda

Za'a hana ka, aƙalla sau ɗaya. Mu sau uku muna zuwa wani ofis, yau ace mai makullin baya nan, gobe ace sai da izini daga sama, har ranar da wani ma'aikaci ya ja ni gefe a baranda yace Alhaji ku daina zuwa da baki, ku rubuto. Gaskiya ya faɗa min. Ku rubuta wasiƙa da sunan kwamitin SBMC ko ƙungiyar ci gaban unguwa, gajera, ku faɗi takamaimai abin da kuke so, misali adadin malamai da ɗalibai na kowace firamare a ƙaramar hukumar na shekarar karatu kaza, da jerin ayyukan da aka yi da tallafin UBEC na shekara kaza da kuɗin kowanne. Kada ku ce muna son duk bayanan kuɗin ilimi, wannan shi ke ba su ƙofar cewa ba su gane ba. Ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan aikin na da yawa, kuma dokar bata ce sai ka faɗi dalilinka ba. A da wasu jihohi na cewa dokar ta tarayya ce bata hau kansu ba, a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafi jihohi ma. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi, wannan hatimin shine makaminku. Ku aika kwafi ga shugaban SUBEB da kansilanku da ɗan majalisar jiha. Masu bibiyar ayyuka irin Tracka da Follow The Money sun saba da irin wannan wasiƙar, idan suna aiki a yankinku ku neme su.

Da lambar ta fito, me za'a yi da ita

Kada ka ruga Facebook ka kira sunan wani kace ɓarawo, baka da hujjar sata, hujjar rabo kake da ita, kuma ita ta fi ƙarfi. Ku rubuta sakamakon a takarda shafi ɗaya da Hausa, makarantu uku ko huɗu a jere, yara nawa, malamai nawa, naira nawa kan kowane yaro. Ku fara nuna wa hedimasta kafin kowa don ya gyara inda kuka yi kuskure kuma kada ya ji labari a waje. Sannan a karanta a taron iyaye, a tabbatar mata suna wurin, su suka fi sanin wane yaro ne ya daina zuwa da dalili, kuma su ke biyan kuɗin tsintsiya da na jarrabawa da na alli daga ɗan abin sana'arsu. Wannan ma ku lissafa shi a gefe guda, abin da uwa ke kashewa kan yaro a shekara, yunifom da takalmi da littafi da kuɗin tara, ku ajiye shi kusa da na gwamnati mutane su gani da idonsu.

Daga nan sai wajen sakataren ilimi, da dattawa biyu ko uku da mace ɗaya aƙalla daga kwamiti. Buƙata ɗaya zaku kai, kada ku kai goma. Mu abin da shugabanmu ya faɗa bayan gaisuwa shine, ranka ya daɗe ba gini muka zo roƙo ba yau, ga makarantarmu ga ta cikin gari, ga abin da yaronmu ke samu ga na can, malamai huɗu muke roƙo a dawo mana da su daga inda suka yi yawa, ba sai an ɗauki sabo ba balle ace babu kuɗi. Sakataren ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, ya kira jami'in ƙididdigarsa ya tambaye shi ko lambobin daidai ne, yace daidai ne. Ba'a bamu huɗu ba, biyu aka turo bayan hutun zango, ɗaya ma sai da muka sake komawa saboda ya nemi a mayar da shi.

Lokacin da ya fi dacewa da kai irin wannan takarda shine tsakanin Agusta da Oktoba, kafin gwamna ya kai kasafin sabuwar shekara majalisa kuma daidai lokacin da ake sauye-sauyen malamai na sabuwar shekarar karatu, idan jiharku na yin taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi ku tura mutum da kwafi ashirin ya raba. Littafin lissafin kuma a bar shi hannun sakataren kwamiti, a rubuta kwanan wata a kan kowane shafi da sunan takardar da aka samo lambar daga ciki, badi a watan da kuka yi na bana a sake ƙirga yaran, a sake duba jerin malaman da ke bangon ofis.